Lamba Ɗaya daga Tungar Gwanki

"Ba zan kashe shi ba, Malam Sallau."

Saratu ta dafa tsohon akwatin da ke kan teburinta a ofishin rabon ruwa, ta kafe shugabanta da ido.

Tun da doka ta ce kowace lamba ta hau waya kai a gaba, wutsiya a baya, na'urorin ƙauye suka zama abin ƙi, don su da wutsiya suke farawa. Mutum ɗaya ya rage a Tungar Gwanki, mahaifin Saratu, wanda ya ƙi barin dabinansa. Kullum da safe yakan danna maɓallin na'urar ƙauyen, lamba ɗaya ta taso, wato mutum ɗaya na jiran ruwa. Sabuwar na'urar ofis kuwa sai ta karanta lambar a juye, ta ga ɗari biyu da hamsin da shida, ta ce kuskure ne, ta soke motar ruwa. Akwatin nan ne ke juya lambar daidai, kuma Saratu kaɗai ta san lagonsa.

"Ke da digirinki, kin zama mai gadin gwangwani?" in ji Malam Sallau. "To, ki riƙe abinki. Amma ranar da kika tafi hutu, bola za shi."

"Sai in fasa hutun, ranka ya daɗe."

Akwatin ya yi tari, ɗaya ta fito. Ta shafa allon da yatsa, tana tuna amon muryar Baba idan yana kiranta daga gindin dabino.

Motar ruwa ta tafi. Saratu kuwa shekara huɗu ke nan tana gadin akwatin, ba ta ga fuskar Baba ba.