Littattafan Dokter Modu

Karo na uku ke nan a mako guda Ari yake jingine motonsa, wato babur, a bakin tsohuwar unguwar Birni, ya ɗora kwalin littattafai a kafaɗa, ya shiga lungu da ƙafa. Yashin lungun ba ya barin taya ta wuce. Gwiwarsa ta dama tana zogi da kowane taku, shi kuma yana tsine wa Dokter Modu a ransa.

Shekara goma sha ɗaya Ari yana wannan aiki a bibiliyotek, ɗakin karatun jami'a. Malami ya aiko da sunan littafi ko na wata maƙala, a cike takardar buƙata, a ciro ko a yi fotokopi, Ari ya kai masa har biro, wato ofishinsa. A da, ko zama ba ya samu. Daga baya malamai suka koma karatu a waya, sai ya wuni a gindin bishiya yana goge moto.

Dokter Modu ya ɓullo wata bakwai da suka wuce, lokacin da aka sallami direbobi biyu da mai shara, kowa yana cikin zullumi. Shi ba ya aiko da littafi ɗaya. Huɗu ne ko shida, masu kauri, kuma ba biro za a kai ba, gida, can ƙuryar Birni. Shugabar bibiliyotek, Madam Hafsatu, ita take miƙo takardun da kanta, ta ce waya ya yi mata.

Ko sau ɗaya mutumin bai taɓa fitowa ba. Wata tsohuwa ce take buɗe ƙofa, ta nuna wa Ari inda zai sauke a zaure, ta ba shi ruwa a kofi, ta ce, "Yaya Hafsatu?" Haka kawai, ba ko Madam. Ari yakan ce lafiya lau, ya juya yana ƙunci. Mutum a ciki yana shan iska, ba zai iya leƙowa ya ce sannu da ɗan'adam ba.

Wata rana ya ɗaure kwalin da wani irin ƙulli nasa, wanda ya koya tun yana ɗaure buhunan gero a garinsu Hamdara. Bayan kwana biyar ya je karɓowa. Ƙullin yana nan yadda ya bar shi. Ya sake gwadawa, ya sake. Ba a taɓa kwance igiyar ba.

Ya shiga wurin Madam.

"Madam, mutumin nan ba ya karanta komai. Wahalar da ni kawai yake yi."

Ba ta ɗago daga takardun gabanta ba. "Aikinka kaiwa ne, Malam Ari. Ga na gobe."

Maganar ta fi yashin Birni ƙona shi. Yarinyar nan ya san ta tun tana ɗaliba, ba ta da ko littafi ɗaya nata. Shi yake ajiye mata na jarrabawa a ƙarƙashin teburinsa kada wasu su riga ta. A lokacin Baba Ari take ce masa. Yau ta hau kujera, ta zama baiwar manyan malamai, shi kuma jakinsu.

Ran Talata da azahar, rana tana dukan ƙeya, gwiwar ta ƙi. Ya faɗi a tsakiyar lungu, kwali ya fashe, littattafai suka watse cikin yashi. Wasu mata masu dawowa daga kasuwa ne suka tsince masa su, ɗaya tana cewa, "Baba, wannan kaya ai ya fi ƙarfinka." Ya kai littattafan, ya ƙi shan ruwan tsohuwar, ya ɗingisa ya koma kan motonsa.

Bai koma jami'a ba. Unguwar Zango ya nufa, wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa da Faransanci. Ya zauna ya zayyana komai: ranakun, yawan littattafan, lungun, gidan, ƙullin da ba a kwancewa, esansin moto, man da ake ƙonawa a banza. Ya ce a rubuta cewa in aka cire Dokter Modu, babu malamin da yake aikensa sau biyu a mako, amma wannan mutum ɗaya ya hana shi sakat. Washegari ya tsallake Madam, ya miƙa wasiƙar a biron sakatare janar da hannunsa.

Bayan kwana biyar aka kira shi. Sakataren ya yaba masa da gaskiya da riƙon amana, ya ce wasiƙarsa ta warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa hukuma kai. Sannan ya tura masa takarda: daga ƙarshen wata an rufe sashen kai littattafai.

"Ni za a kora?" in ji Ari. "Shi Dokter Modun fa? Shi ba a taɓa shi?"

"Je ka tambayi shugabarka," sakataren ya ce. "Ka yi sauri, ita ma yau take barin kujerar."

Ya same ta tana zuba kayanta cikin kwali. Ya buga takardar a kan teburin, ya ce sai ta haɗa shi da mutumin nan ido da ido, ko da abin da zai yi na ƙarshe ke nan a jami'a.

Ta dube shi, idonta jawur.

"Babu wani Dokter Modu a jami'ar nan, Baba Ari," ta ce. "Cewa suka yi in ba ana aikenka kullum ba za su sallame ka, shi ya sa nake cike takardun da hannuna, gidan da kake kaiwa kuma gidan mahaifiyata ne."