Kwaɗin Rafin Sama

Nzelle ta ɗaura wa kwaɗon zare a ƙugu, ta zura ɗan farin dutsen ado, ta sake shi ya faɗa ruwa. Aikinta ke nan tun faɗuwar damina. Mutanen ƙauyen kan tsaya bisa gada suna kallonta suna kaɗa kai. A ce yarinya ta baro birnin Duwala da digirinta, wai tana neman na biyu, ta zo tana yi wa kwaɗi kwalliya.

Su dai abin da suka san ana ɗaura wa zare shi ne ayaba. In ka gan ta a kan uwarta ta yi maka, sai ka ɗaura, mai gona ya san ta zama taka, ranar da ta ƙosa ya kawo maka har gida.

Binciken nata ba shi da wuyar ganewa. Rafi biyu ne suka ratsa dajin. Na ƙasa yana bi ta gonakin koko, inda ake feshin maganin ƙwari a ƙarƙashin manyan itatuwa. Na sama kuwa feshi bai taɓa zuwa kusa da shi ba. Kwaɗin ƙasa ta sa musu jan dutse, na sama fari, tana komawa tana duba waɗanda suka rage. Kamfanin maganin yana neman izinin feshe dajin har can sama, ofishin gandun daji kuma ya ce sai ya ga sakamakonta tukuna. Nzelle ba ta da ko shakka. Ta zo ne ta ceci rafin sama.

Tun ranar farko ta tara mutane ta yi musu bayani. "Masu jan dutse a ruwan guba suke, kada kowa ya taɓa su. Masu fari kuwa lafiyarsu ƙalau."

Mama Senge, wadda aka sauke ta a gidanta, ta ɗaga hannu. "Farin dai lafiya ƙalau, 'yata?"

"Ƙalau, Mama."

"To, shi ke nan."

Ba a taɓa riƙon baƙuwa kamar yadda Mama Senge ta riƙe ta ba. Kullum da rana ga dafaffiyar ayaba, ga farfesu mai yaji, namansa fari tas, an yanka ƙanana, yana narkewa a baki. A nan baƙo ba ya tambayar abin da ke tukunya, ci ne nasa. Nzelle kuwa ta ci har siket ɗinta ya daina rufuwa, tana jin kunyar kajin gidan don ta ɗauka 'yan'uwansu take ci, su kuwa suna ta kiwonsu a tsakar gida hankali kwance. Mijin Mama, Baba Ekane, ba mai magana ba ne. Iyakarsa ya gaishe ta da safe yana shanya jiƙaƙƙen wandonsa, ya tambaye ta ko aiki na tafiya.

Aiki kuwa ba ya tafiya. Jajayen kwaɗin sun rame, wasu ƙafafunsu sun karkace, amma suna nan da ransu. Farare su ne suke ɓacewa. Ta sa wa goma dutse, ta dawo ta tarar da biyu. Ta canja zare. Ta zargi macizai, ta zargi tsuntsaye, har ranta ya fara zargin kanta. Ta kira malaminta, Farfesa Ngole.

Ya ce, "Ba abin da kike so za ki rubuta ba, Nzelle. Abin da kika gani za ki rubuta."

Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta rubuta abin da ta gani: kwaɗi sun fi daɗewa a ruwan da ake feshi. Jami'a ta yaba da gaskiyarta, ta ba ta digiri. Ofishin gandun daji ya ba da izini. Kamfanin ya aiko mata da kalanda.

Ranar da ta koma kwashe kayanta, a hanya ta wuce masu feshi suna hawa dutse da tankuna a baya. Ba ta iya kallonsu ba. Mama Senge ta tare ta da guɗa, ta zaunar da ita, ta kawo farfesu, amma yau jan nama ne, na akuya. Ta ba da haƙuri, wai tunda 'yarta ta tafi ba wanda ke zaɓa musu.

Kafin Nzelle ta tambayi me ake zaɓa, tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da sarƙa doguwa, ta fararen duwatsun ado zalla, ta zagaya mata ita a wuya har ninki uku.

"Kayanki ne, na wanke na tara miki," in ji ta. "Duk wanda kika ɗaura wa fari, babanki bai bar shi ya kuɓuce ba sai ya shiga tukunyarki. Jajayen kuwa ko taɓa su bai yi ba. Mu ba ma ba baƙuwa guba."