Motar Leburori

Tabarma, buta, ƙullin garin gero da takalmin roba. Iyakar abin da ya ɗauko daga ƙauyensu Pauwa ke nan, amma kafin ya kai Ƙanƙara sun zame masa dutse. Murar da ta kwantar da shi ta sake shi tun wancan watan, ƙarfinsa ne bai dawo ba. Rumbu kuwa fari ya bar shi wayam.

A tasha, mai ɗibar leburori zuwa Kaduna ya nuna masa buhun siminti.

"Ɗaga mu gani, ƙato."

Ya kai shi gwiwa, numfashinsa ya sarƙe, ya durƙushe. Mota ta tashi ba shi.

A gida, mahaifinsa, tsoho mai rawar hannu, ya tura shi ɗaki.

"Baba, jibi zan sake gwadawa."

Tsohon ya ja ƙyaure ya rufe.

"Kwanta. Jibi ni za ni."