Ɗigon Kunu a Kan Waya

Kai da kake cewa ka jira har ka gaji, gyara zama in ba ka misalin wani tela. 'Yarsa ta nemi gurbi a makarantar koyon ungozoma, aka ce a riƙa duba sakamako a intanet. Mai shagon kwamfuta ya buɗe masa shafin makarantar a burauzar wayarsa, wato manhajar shiga intanet, shafin ya ce ba a gama tantancewa ba tukuna. Tela ya lallaɓo wayar nan gida kamar ƙwai. Tsoronsa ɗaya, kada shafin ya ɓace masa, don bai san hanyar komawa ba. Sai ya kafa doka a gidan: ba mai taɓa masa waya. Kullum ya jingine ta a jikin keken ɗinki ya zuba mata ido, rubutun jiya shi ne na yau. Bawan Allah bai san cewa abin da burauza ta ɗebo tun ranar farko shi take ta nuna masa ba, sai an sabunta shafi take komawa ta ɗebo sabo. Yarinya kuwa har ta fara ramewa, tana cewa ta haƙura da karatun.

Ran nan yana karin kumallo, kunu ya ɗiga a fuskar wayar. Kafin ya ce kul, matarsa ta sa yatsa ta share daga sama zuwa ƙasa. Wani ɗan zobe ya shiga juyawa a fuskar wayar, shafi ya yi fari fat. Tela ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, maman yara, kin kashe mu!" Bai rufe baki ba sai ga hoton 'yarsa, a ƙasa an rubuta an ɗauke ta. Ashe an daɗe da sakin sakamako, saura ƙiris a rufe rajista. Uwa ta rangaɗa guɗa, yarinya ta fito da gudu ko takalmi babu, maƙwabta suka cika tsakar gida. Tela yana dariya yana share hawaye, kunu ya huce ba wanda ya tuna da shi. Yau in ka je shagonsa, shi ke koya wa mutane jan shafi ƙasa, yana wani hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro abin, matarsa kuwa sai dai ta yi murmushi.

To ka ji. Ka tashi ka sake dubawa, domin ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.