Jinin Kwatance

Likita ta matso lokacin da na'urar gwajin jini ta gama ƙirge. Cutar da ta kashe mahaifinsu tana ɓoye a wani guntun ƙwayar gado mai maimaita kansa. In maimaicin ya yi yawa, ba makawa sai cutar ta kama mutum. Yau jinin ƙaninta take aunawa.

Sakamako biyu suka fito. Ɗaya lafiya lau, ɗaya ya zarce iyaka.

Ta dafe kai. "Wayyo Auta! Da wane baki zan faɗa masa?"

Abokin aikinta ya leƙo, ya daɗe yana dubawa.

"Ai na Auta ƙalau yake," ya ce a hankali. "Mai yawan nan na lafiyayyen da kika sa don kwatance ne. Jinin wa kika ɗiba?"

Ta kalli audugar da ke manne a hannunta, inda allura ta shiga.