Minti Goma Sha Biyu Daga Droum

Da makanike ya gama ƙara wa injin a-kori-kurar ƙarfi, sai ya miƙa wa mai ita takarda.

"Alhaji, na'ura ta auna. Yanzu ba ta da ta biyu."

"Na'urar taka ta taɓa shiga rairayin Droum?"

Washegari da hantsi Alhaji ya jera motarsa da ta ƙanensa, wadda suka saya rana ɗaya kuma ba a taɓa injinta ba. Tsere za su yi daga ƙofar gida har ƙofar asibitin Zinder. A bayan kowace mota an shimfiɗa katifa, an kwantar da buhun gero a kai.

Shi ya fara isa. Bai yi murna ba. Agogo ya zuba wa ido har ƙanen ya tsaya a gefensa.

"Yaya, ka ci. Tazarar nawa ce?"

"Minti goma sha biyu."

Alhaji ya sauka, ya gyara wa buhun kwanciya a hankali. Bara, a wannan ƙofar, likita ya ce da sun iso minti goma kafin nan, da matarsa ta rayu.

"Mu koma," ya ce. "'Yata ta shiga watan haihuwarta."