Abin da Tsohon Boka Ya Gani

Farfesa ta ɓalla wa maigida maɓallin hannun riga kamar kowace safiya, don yatsu biyun da suka rage a hannun damansa ba sa iya wannan aikin. Ya sauke ta a ƙofar cibiyar bincike yana fara'a.

"Ki ce wa Auta ni zan kawo muku abincin rana. Yau ranarta ce."

Farfesa ta ce to. Tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba.

A cibiyar nan kaf babu wanda ya kai ta sanin tekun ƙarshen duniya. Ka ba ta ƙarfin iska da ɗumin ruwa da kaurin ƙanƙara, ta zuba wa kwamfuta, ta faɗa maka inda ƙanƙarar za ta kwana gobe. Manhajarta ta farko, wadda ta rubuta tana matashiya, yaran ofis na kiranta Tsohon Boka. Suna yi masa tsiya cewa sau ɗaya aka kai masa duba na gaske, ya zabga ƙarya. A bayan idonta suke faɗa, amma tana ji.

Labarin kowa ya san shi. A wata tafiyar bincike, mutum biyu sun sauka daga jirgin ruwa suna aiki a kan ƙanƙara, kowa a tasharsa, sai guguwa ta taso. Rediyonsu ya ɗauke. Man jirgi mai saukar ungulu na zuwa ɗaya ne kawai da dawowa. Kyaftin ya leƙo ɗakinta ya ce, "Ina za mu nufa?" Ta dubi allon, ta ce gabas, duk suna can. Aka je gabas aka ɗauko mutum ɗaya. Ɗayan, mai haƙa ƙanƙara, har yau ba a ga ko takalminsa ba.

Kowa ya ce ƙaddara ce, na'ura ba Allah ba ce. Ita kaɗai ba ta taɓa faɗin haka ba.

Mamacin ya bar yarinya ƙarama, Auta. Farfesa ta shiga rayuwarta ba sallama. Ita ce ranar kai ta makaranta, ita ce bakin gadon asibiti lokacin ƙyanda. Maigida kuwa "'yata" yake ce mata, ya ba ta ɗaki a gidansu tun da Allah bai ba su nasu ba. Mutane suna yaba halin Farfesa, ita kuma duk yabon sai ta ji kamar ana watsa mata ruwan zafi. Idan Auta ta rungume ta ta ce "Mama", kunya ce ke kama ta har ta rasa inda za ta sa hannu.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Auta ta girma ta ce ita ma teku za ta karanta, kuma a ƙarƙashin Mama. Da aka zo zaɓen abin bincike, sai ta ce tana so ta gano inda Tsohon Boka ya yi tuntuɓe, don kada a sake rasa uban wani.

Farfesa ta ce faifan da manhajar ke ciki ya lalace. Auta ta kai shi aka gyara. Ta ce injin da ke karanta shi ya mutu. Auta ta tono wani a ɗakin ajiya, ƙarƙashin karyayyun kujeru, ta kakkaɓe shi. Daga nan dalilai suka ƙare. Faifan ya kwana a durowar Farfesa, kusa da almakashi, ta ɗauko shi ta mayar ya fi a ƙirga. Ta riga ta raba yarinyar nan da abu ɗaya, hannunta ya ƙi ƙara na biyu.

Yau da ta shiga cibiyar, ta tarar da Auta a ɗakin kwamfuta, ta zuba alƙaluman ranar guguwar, har da wurin da kowane mutum ya faɗa ta rediyo kafin ya yi shiru. Tsohon injin yana gurnani kamar mai mura.

"Mama, zo ki zauna. In abin zai tayar miki da hankali, ki bari ni na duba. Ni fa ban taɓa riƙe ki ba, wallahi. Kuskure ai na kowa ne."

Farfesa ta zauna. Da wannan maganar, gara mata a ce yarinyar ta zage ta.

Allon ya kawo farin fili da ɗigo biyu a kai. Iska ta taso, filin ya fara tafiya. Can sai wani baƙin layi ya ratsa tsakanin ɗigon biyu, ƙanƙarar ta rabe. Ɗaya ya yi gabas. Ɗayan ya yi yamma a hankali, bai ma yi nisa da jirgin ruwan ba.

Auta ta sake kunnawa. Haka ya kuma yi. Ta duba ko ta taɓa wani abu, ba ta taɓa ba. Ta sa yatsa a kan ɗigon yamma, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Bai yi ƙarya ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Ya nuna miki su duka biyun, Farfesa. Kuma Baba ne ya fi kusa."

 Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mutumin da ke gabas ɗin ya shigo da sallama yana dariya, yana tambayar ina 'yarsa, kwanon abincinsu na rataye a yatsu biyun da ƙanƙara ta bar masa.